RUWA BA YA TSAMI BANZA: Yadda ɗigon radiyata ke kai mota ga ƙonewar kilas

Duk wanda ya saba bin titin da a da ake kira Charles de Gaulle ta gefen jami'a a watan Afrilu, wajen azahar, ya san wannan hoto: koriyar tasi a gefen hanya, an ɗaga murfin inji, tururi na tashi, direba na tsaye da jarkar ruwa a hannu, fasinjoji kuwa sun sauka suna neman wata motar. Mu mutanen Zogona mun ga haka har mun daina juyawa mu duba. Amma ga direban, wannan tsayuwa ba ƙaramin abu ba ce, domin mai yiwuwa cefanen gidansa na wata guda ne ke tashi cikin wannan tururi.

Kakanninmu da suka riƙa ratsa ƙasar Mosi da jakuna suna zuwa Gwanja sayen goro, ba sa ɗora kaya da asuba sai sun duba bayan kowane jaki, ko akwai miki. Yau mota ce jakinmu. Da yawa daga cikin Hausawan ƙasar nan direbobi ne, ko masu tasi, ko 'yan kasuwar da kayansu ke kan hanyar Lome ko Bobo ko Puytenga. Shi ya sa muka ga ya dace a wannan wata mu tattauna a kan wata cuta ta inji da ke cin kuɗin mutanenmu kowace bazara, wato ƙonewar juwan kilas, abin da makanikan Kano ke kira gasket.

ABIN DA YA SAMI MAƘWABCINMU

Wani maƙwabcinmu yana tuƙa tasi ƙirar Mercedes 190 mai shan gazuwal. Motar ba tasa ba ce, ta wani Alhaji ce, kuma kowace yamma akwai kuɗin da zai kai masa. Wajen wata biyu ya yi yana zuba wa radiyata ruwan famfo kowace safiya. Da farko kofi ɗaya, daga baya lita guda. Bai ga ruwa a ƙasa ba, mota kuma tana tafiya, sai ya ɗauka zafin gari ne ke shanye ruwan.

Ran nan da rana tsaka allurar zafi ta hau ja. Yana da fasinjoji, sai ya ga bari ya lallaɓa ya sauke su tukuna. Kafin ya kai, inji ya fara ƙara, ƙarfinsa ya ragu, ya mutu. Nan take ya buɗe radiyata da tsumma, Allah ya tsare fuskarsa, ya kwarara ruwan sanyi. Makanike na farko ya ce juwa ya ƙone, ya sauya shi cikin yini ɗaya, ya karɓi kuɗinsa. Bayan mako uku cutar ta dawo. Sai da aka kai motar wajen wani dattijon makanike, wanda ya ƙi kwance ko noti ɗaya kafin ya yi gwaji, sa'an nan aka gano tushen abin: famfon ruwa ne ke ɗiga idan inji ya yi zafi, murfin radiyata ya mutu, an daɗe da cire kalosta, kilas kuma ya lanƙwashe tun ranar farko. Motar ta yi kwana 12 a gareji ana dab da Sallah. An biya kuɗin aiki sau biyu, kuma har yau tsakanin direban da Alhaji ba a koma kamar da ba.

Darasin da muka ɗauka shi ne, juwan kilas ba kasafai yake ƙonewa haka kawai ba. Shi ne ƙarshen labari, farkon labarin kuwa ɗan ɗigo ne da aka raina.

MENE NE KILAS, MENE NE JUWA?

Inji kashi biyu ne manya. A ƙasa akwai gangar inji, inda silinda suke, fistan na hawa da sauka a cikinsu. A sama akwai kilas, wato kan inji, wanda ya rufe silinda kamar murfin tukunya. Tsakanin waɗannan ƙarafa biyu aka shimfiɗa wani siririn faifai mai ramuka, shi ne juwa. Aikinsa raba abu uku da ke maƙwabtaka amma bai kamata su haɗu ba: wutar da ke tashi cikin silinda, da ruwan da ke sanyaya inji, da baƙin mai da ke shafe ƙarafa.

A motoci da yawa da ke yawo a Wagadugu, har da Mercedes 190 mai gazuwal wadda aka ƙera irinta daga 1983 zuwa 1993, gangar ta baƙin ƙarfe ce, kilas kuwa na alminiyam ne, wato sanholo. Idan sun ɗauki zafi, alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Muddin zafin bai wuce ƙima ba, wato wajen digiri 85 zuwa 95, juwa na iya jure wannan motsi shekara da shekaru. Amma da zarar ruwa ya ƙare, kilas sai ya kumbura, ya murƙushe juwa, idan ya huce kuma ba ya komawa daidai. Daga nan bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga.

Akwai wani abu da direbobi da yawa ba su lura da shi ba. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100. Murfin radiyata ba marfi ne kawai ba, yana da sifirin da ke riƙe matsi na wajen bar 1, kuma da wannan matsi ruwa ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Idan robar murfin ta mutu, ko aka toshe bakin da leda da tsumma, an zubar da wannan rata ta digiri 20 ke nan. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu da Mayu, wannan rata ita ce ran inji.

INA RUWAN YAKE ZUWA?

Hanyar ruwan inji a rufe take. Motar da ke da lafiya tana iya yin watanni ba a ƙara mata ruwa ba. Saboda haka duk ruwan da ya ragu yana da inda ya tafi, kuma wuri biyu ne kawai: ko waje, ko cikin inji. Aikin farko shi ne a san wanne ne.

A fara da waje, domin shi ya fi yawa kuma ya fi arahar gyara. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota da dare, da safe a duba inda ya jiƙe. A lura, ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki fari ne tas, ba shi da wari, wannan ba cuta ba ne. Sa'an nan, inji na sanyi, a bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da hannu. Wanda ya yi laushi kamar burodi, ko ya kumbura, ko ya tsattsage a bakin maɗauri, ya gama aiki. A duba gefen radiyata inda roba ta haɗu da ƙarfe. A leƙa ƙarƙashin famfon ruwa, akwai ɗan rami da aka yi musamman domin ya nuna idan abin toshiyar ciki ya lalace. A taɓa shimfiɗar ƙafa ta gaba a cikin mota, idan da danshi to ƙaramar radiyatar da ke ba da ɗumi a ɗaki ce ta huje.

Wani ɗigon ba ya kaiwa ƙasa, domin sai inji ya yi zafi yake fita, kuma nan take ya bushe a jikin ƙarfe. Abin da yake bari shi ne zanen fari ko na tsatsa, kamar sawun hawaye. Irin wannan ne ya yaudari maƙwabcinmu. Maganinsa wani ɗan famfon hannu ne mai agogo, wanda ake ɗaurawa a bakin radiyata a hura iska zuwa matsin da aka rubuta a kan murfin, a jira minti 10 zuwa 15. Idan allura ta sauka, akwai ɗigo, kuma sau da yawa za a gan shi da ido tun da inji na sanyi. Da wannan famfo ake gwada murfin shi kansa.

Idan allura ta sauka amma ba a ga ruwa ko'ina a waje ba, to, zargi ya koma ciki.

ALAMOMIN JUWA DA YA ƘONE

Alama ta farko farin hayaƙi ne mai kauri daga bututun baya, wanda ba ya yankewa ko inji ya yi zafi. Ɗan tururin safiya a lokacin hunturu ba ya cikin wannan lissafi. Ta biyu, kumfa. Inji na sanyi a buɗe radiyata, a ta da mota, a zuba ido. Idan ƙwayoyin iska na ta ɓulɓulowa ba tsayawa, hayaƙin silinda ne ke shiga ruwa. Ta uku, babban tiyo na sama ya yi tauri kamar taya minti kaɗan bayan an ta da inji, tun ruwa bai ɗumama ba. Ta huɗu, baƙin mai ya koma launin shayi da madara a jikin sandar awo ko a ƙarƙashin murfin mai, ko kuma a ga mai yana yawo a saman ruwan radiyata. Ta biyar, inji na rawa da safe na ɗan lokaci, kuma a motar fetur idan aka kwance buji sai a tarar da guda ɗaya fes kamar an wanke shi, alhali sauran sun yi baƙi. Tururi ne ya wanke shi.

Sai dai alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci. Motar da ba ta yin doguwar tafiya kan tara ɗan farin maiƙo a murfin mai ba tare da wata cuta ba. Haka kuma a injin da ke da na'urar sanyaya mai, hujewar wannan na'ura na haɗa mai da ruwa alhali juwa lafiyarsa ƙalau. Domin kawar da shakka akwai gwaji biyu. Na ɗaya, wata 'yar kwalba ce mai shuɗin ruwa da ake ɗorawa a bakin radiyata ana zuƙo iskar ciki. Idan akwai hayaƙin inji, ruwan zai koma rawaya, ko kore a injin gazuwal. Na biyu, a auna matsin kowace silinda da agogo. Idan silinda biyu da ke jere suka faɗi tare, yawanci juwa ne ya yanke a tsakaninsu.

Muna ba mai mota shawara, kafin ya yarda a buɗe masa inji, ya tambayi makanike da ladabi wane gwaji ya yi, kuma me ya sa juwan ya ƙone. Makanike na ƙwarai ba ya jin haushin wannan tambaya.

YADDA AIKIN KIRKI YAKE

Sauya juwa ba aikin gaggawa ba ne. Da farko a bar inji ya huce sarai, domin kwance kilas da zafi na iya lanƙwasa shi. A cire batir, a zubar da ruwa da mai. Kafin a taɓa sarƙa ko bel ɗin da ke haɗa motsin sama da na ƙasa, a daidaita alamominsu, domin kuskuren haƙori kaɗan na iya sa fistan ya doki bawul. Ana sassauta notunan kilas kaɗan-kaɗan, daga gefe zuwa tsakiya. Masu tsofaffin Peugeot 504 da 505 na fetur, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna a masana'antar da ta fara aiki a 1975, su sani cewa silindar injinsu riguna ne da ake zarewa. Idan aka juya inji bayan an ɗauke kilas ba a danne rigunan ba, za su motsa, ruwa ya riƙa zuba cikin mai ta ƙasa.

Bayan an ɗauke kilas, a karanta tsohon juwa kamar wasiƙa, zai nuna inda wuta ko ruwa ya ratsa. A kankare fuskokin biyu a hankali ba tare da an yi musu zane ba. Juwan tsofaffin motoci na iya ƙunsar asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu, don haka a jiƙa shi kafin a kankare, kada a sa yaran gareji su hure shi da baki.

Daga nan sai matakin da makanike na farko ya tsallake. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a fuskar kilas, a tsaye da a kwance da a karkace, a gwada zura siririn ma'auni a ƙarƙashinsa. Ratar da yawancin masu ƙera motoci suka yarda da ita ba ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na milimita ɗaya, wato kaurin gashin kai. Ido ba ya ganin wannan. Idan ta wuce, sai a kai kilas wajen masu injin goge shi, su kuma gwada ko ya tsage, musamman tsakanin bawul da bawul. Kowane kilas yana da iyakar abin da za a iya ci daga jikinsa. A wasu injunan gazuwal, kamar na Peugeot, juwa kauri-kauri ne, ana gane su da yawan tsaga ko huji a gefe, kuma sai an auna fitowar fistan ake zaɓa.

Wajen mayarwa, ramukan noti su kasance a share, babu ruwa babu mai a ciki, in ba haka ba ɗauri na iya fasa gangar. Notunan injunan zamani an yi su ne su ɗan miƙe idan an ɗaure, saboda haka ko dai a sa sababbi, ko a auna tsawonsu bisa littafin motar. Ba a shafa wa juwa gam ko giris sai in mai ƙera shi ya ce a yi. Ana ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, hawa-hawa, da sifana mai awo, kuma injuna da yawa na bukatar ƙarin juyi na wasu digirori a ƙarshe. Ƙarfin damtse da dogon bututu ba awo ba ne. A ƙarshe a zuba sabon mai da sabuwar matatar mai, a cika ruwa, a fitar da iskar da ta maƙale, a bar inji ya yi zafi har fanka ta tashi ta tsaya.

Abu mafi muhimmanci shi ne a gyara abin da ya jawo zafin tun farko, ko famfo ne, ko tiyo, ko murfi, ko radiyata da ta toshe. In ba haka ba, sabon juwa zai bi sawun tsoho.

ARAHA BA TA ADO

Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, kuɗin kayan gyara na waje ya ninka, mutane suka koma ga tsofaffin motocin Turai da muke kira “France au revoir” da kayan da aka kwance daga jikinsu. Babu laifi a sayi tsohon kilas, muddin an auna shi an gwada shi. Amma juwa da noti da murfin radiyata, waɗannan sababbi ake saye, kuma masu kyau. A aikin nan juwa shi ne mafi ƙanƙantar kuɗi, ladan aiki da kwanakin da mota ta yi a kwance su ne babbar asara. Wanda ya yi rowar jaka kaɗan a kan juwa, zai biya aikin sau biyu.

Akwai kuma wasu al'adu uku na garejinmu da ya kamata mu sake dubawa. Ta farko cire kalosta, wai ƙasarmu ba ta da sanyi. Kalosta ƙofa ce da ke buɗewa idan ruwa ya kai digiri 80 da wani abu. A injuna da yawa, har da na Mercedes, idan ta buɗe hanyar radiyata tana kuma rufe wata gajeriyar hanya da ke mai da ruwa cikin inji. In an cire ta, wani kaso na ruwan sai ya riƙa zagayawa ta gajeriyar hanya bai je radiyata ya huce ba. Idan ta lalace a sauya ta, kada a jefar. Ta biyu zuba ruwan famfo ko na rijiya zalla. Yana kawo tsatsa, yana barin ƙasa-ƙasa da ke toshe siraran bututun radiyata. Ruwan radiyata na kanti, kore ko ja, ba don ƙanƙarar Turai kaɗai aka yi shi ba, yana ɗauke da maganin tsatsa. Sai dai guba ne mai zaƙi, a nisanta shi da yara da dabbobi, kada kuma a zuba shi a kwalbar lemo. Ta uku fasa ƙwai ko zuba garin barkono a radiyata domin toshe huji. Wannan dabarar daji ce ta a kai gari, idan an iso sai a wanke a gyara.

IDAN ALLURA TA HAU A HANYA

A kashe na'urar sanyaya ɗaki, a nemi wuri a tsaya, a kashe inji. Kilomita biyu na “bari in ƙarasa” su ne ke raba gyaran tiyo da gyaran kilas. Kada a buɗe radiyata sai an jira aƙalla rabin awa, domin ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana fitowa ne kamar daga bakin bindiga, kuma mun san mutanen da ke ɗauke da tabonsa a hannu da ƙirji. Kada a kwarara ruwan sanyi a injin da ya yi jawur, yana iya tsaga kilas. Idan aka murza makulli inji ya ƙi juyawa kamar an riƙe shi, kada a tura, mai yiwuwa ruwa ne ya cika silinda, kuma tilasta shi na lanƙwasa sandar fistan.

Ga masu doguwar tafiya, maganar ta wuce ta kuɗi. A shekarun nan da rashin tsaro ya addabi hanyoyin gabas da arewacin ƙasar nan, lalacewar mota a daji ba abin wasa ba ne. Takardar duba lafiyar mota ta CCVA ba ta hana tiyo fashewa. Ba a fafe gora ranar tafiya: a duba ruwa da tiyo da bel da fanka tun ana saura kwana biyu, a wanke ƙura da ledojin da suka liƙe a fuskar radiyata, a ɗauki jarkar ruwa da tiyo na ajiya.

Maƙwabcinmu ya koma kan hanya. Yanzu kowace safiya bayan sallar asuba, kafin ya ta da mota, yakan buɗe murfin inji ya duba ruwa, ya kuma sa wa robar ajiyar ruwa alama da alƙalami domin ya san ko ya ragu. Minti biyu ne kacal. Muna kira ga iyayen gidan gareji na Zogona da sauran unguwanni su koya wa yaransu gwaji kafin kwancewa, masu motoci kuma su saurari direbobinsu idan sun ce ruwa na raguwa, kada su ce a lallaɓa zuwa ƙarshen wata.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai wata mai zuwa idan Allah ya kai mu.